Daga Unguwar Yahudawan Kurɗuba Zuwa Gimi: Su Wane Ne Bani Isra'ilan Ƙasar Zazzau?

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ikara da Makarfi da Kudan, har da masu sauraronmu a gonar rake da waɗanda ke bakin tukunyar mazarƙwaila. Wanda data ba ta ishe shi sauraro ba, ga rubutun shirin nan kamar yadda muka saba.

Yau yawo za mu yi, kuma da ƙafa. Za mu fara daga wani tsohon birni a Turai, mu ratsa Sahara, mu sauka a Gimi da ke nan ƙaramar hukumar Makarfi, mu ƙarasa a Wusasa. Maganar ta shafi Yahudawa, kuma na san da jin wannan kalma zuciyar da yawanmu ta tafi Gaza. Tawa ma can take tafiya. Amma abin da gwamnatin Isra'ila ke aikatawa yau zance ne mai zaman kansa. Yawancin mutanen da za mu yi magana a kansu sun rayu sun mutu tun kafin a kafa waccan ƙasa a 1948. Don haka a ɗan ba ni aron kunne har ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Birnin farko shi ne Kurɗuba, wanda Turawa ke kira Cordoba, a kudancin Sifaniya. Duk wanda ya zauna a zauren karatu ya san sunan nan, ko da bai san gari ba ne. Tafsirin Kurɗubi, mai shi ɗan garin ne. Muwaɗɗa Malik da ake karantawa a Zariya da Kano, ruwayar Yahaya bin Yahaya al-Laisi ce, shi ma malamin Kurɗuba ne. Ibn Rushd mai Bidayatul Mujtahid a can aka haife shi a 1126. Kun ga ashe garin ba baƙonmu ba ne.

Sau ɗaya na taka shi, yini guda, kuma ga hanyar da na bi. Ana shiga ta wata tsohuwar ƙofar ganuwa da ake kira Almodobar. Da ka shiga ka karya dama, ka faɗa wani lungu da sunansa ma Layin Yahudawa. Lungun matsattse ne, irin na cikin birnin Zariya, wanda in jaki da mangala ya taho sai ka manne da bango. Gidajen farare ne tas, ƙofofinsu na buɗewa zuwa tsakar gida mai shuke-shuke. In ka lura da ƙasa za ka ga wasu ƙananan alamomi na tagulla da aka kafa a daɓen, da rubutun Ibrananci a jiki. Hukumomi suka sa su don mai yawo ya san yana cikin tsohuwar unguwar Yahudawa.

Tafiya kaɗan sai ga wurin ibadarsu. Wallahi in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi, don ɗakin bai fi wani babban zaure na gidan hakimi ba. An gina shi wajen 1315. Akwai bene a sama inda mata ke tsayawa, akwai rubutun Zabura da Ibrananci zagaye da bango. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne zayyanar bangon. Irin ta masallatan Andalus ce sak, ganye da zane mai sarƙaƙiya. A lokacin da aka yi ginin, birnin ya kusa shekara 80 a hannun Kirista, tun 1236. Amma hannun magina bai manta salon Musulmi ba, kuma Yahudawan ba su ga laifin a ƙawata musu ɗakin ibada da shi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gaba kaɗan akwai wani ɗan fili da mutum-mutumin Musa bin Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides. Shi ne babban malamin Yahudawa na wancan zamani, likita kuma masanin falsafa. Ɗan Kurɗuba ne, tsaran Ibn Rushd. Babban littafinsa na falsafa, Dalalatul Ha'irin, da Larabci ya rubuta shi amma da haruffan Ibrananci. Wato su ma suna da nasu ajamin, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da haruffan Larabci. Ya ƙare rayuwarsa a Masar yana likita a fadar gidan Salahuddin al-Ayyubi, ya rasu a 1204. Kafin shi an yi Hasdai bin Shafrut, Bayahude, likitan Halifa Abdurrahman na Uku kuma jakadansa. Daga wannan fili zuwa babban masallacin Kurɗuba, wanda aka fara ginawa a 785, mai ginshiƙai sama da 800, tafiyar minti kaɗan ce.

Kada fa wani ya ɗauka zaman kullum lami lafiya ne. Da Almuwahhidun suka karɓi birnin a 1148, sun matsa wa waɗanda ba Musulmi ba, shi ya sa iyalin Musa bin Maimun suka bar gari, suka bi ta Fas har Masar. A 1391, ƙarƙashin mulkin Kirista, an auka wa unguwar an kashe mutane da yawa. A 1492 Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela suka ce duk Bayahude ya karɓi Kiristanci ko ya fita daga ƙasar. Da yawa suka nufi Maroko, wasu Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya karɓe su. Musulmin Andalus ma ba su tsira ba, an tilasta musu canza addini, daga baya aka kori zuriyarsu daga 1609. Wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama da wuta, ai kun san sauran.

To ɗan ɗakin ibadar nan fa? An mai da shi asibitin masu ciwon haukan kare. Daga baya ya zama cocin ƙungiyar masu ɗinkin takalma. Aka shafe bangon, aka manta. Sai a 1884 yaɓen ya ɓamɓare, wani limamin coci ya ga baƙon rubutu a ƙarƙashi. Shekara ɗaya bayan haka gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Yau mutane daga ko'ina suna layi don su shiga, masu otal da masu abinci da masu yi wa baƙi jagora suna cin abinci da wannan tarihi, alhali jama'ar da ta gina shi ta watse fiye da shekara 500.

Yanzu mu tsallako Sahara. A daidai shekarun da ake korar Yahudawa daga Sifaniya, akwai tsohuwar al'ummarsu a Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, a garin Tamanɗiɗ, kan hanyar fataken da ke zuwa ƙasashen Sudan. A nan ne Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya yi fatawar cewa sun karya sharuɗɗan zaman amana, a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, su ma suka rabu biyu. A ƙarshe an rushe shi. Wannan Maghilin dai shi ne ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafin yadda ake tafiyar da mulki, kuma har yau ana danganta unguwar Sharifai da zuwansa. Na kawo wannan ne don ku ga cewa tambayar yadda za a zauna da mai wani addini tsohuwa ce a wajen malamanmu na Malikiyya, kuma sun yi saɓani a kanta da hujjoji, a rubuce.

To, mu dawo gida. Ko a ƙasar Hausa an taɓa yin Yahudawa masu unguwa da wurin ibada kamar na Kurɗuba? A'a. Amma an yi wasu mutane da ake kira Bani Isra'ila, ko Isawa, kuma wani ɓangare na labarinsu a ƙasarmu ya faru. Bari in faɗa tun da wuri: ba Yahudawa ba ne, ko ta jini ko ta addini. 'Yan ƙasa ne, almajirai masu allo da tawada. Sunan ma daga Alƙur'ani yake, sunan al'ummar da aka aiko Annabi Isa, alaihis salam, gare ta.

Asalin abin daga wani malami ne a Kano, Malam Ibrahim, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Yana karatu yana bin ayoyin da suka yi maganar Annabi Isa, har ya kai ga ba shi matsayin da malaman Kano suka ce ya wuce iyaka. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Aka yanke masa hukuncin kisa, aka zartar a kasuwar Kano wajen 1867. Mabiyansa suka watse. Wasu suka nufi duwatsun Ningi, inda dama akwai malaman da suka yi wa Kano tawaye, wasu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. Ku duba taswira, kan iyakar Kano da Zazzau ai mu ne. Labarin da mabiyan suka riƙe shi ne, kafin a kashe shi ya ce musu wata rana wasu za su zo da ƙarin bayani game da Annabi Isa.

A ɗaya gefen kuma akwai wani Bature ɗan mishan, Dokta Walter Miller, na ƙungiyar CMS. Yana cikin ayarin da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su fice masa daga gari. Daga 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, yana magani, yana da makaranta, yana fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Shekara da shekaru yana wa'azi, mutanen birni ba su bi shi ba sai ɗaiɗaiku. Sai wajen 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka same shi. Daga nan aka tattaro iyalai daga ƙauyuka aka kafa musu zama a Gimi, da gonaki da makaranta da wurin ibada, ƙarƙashin wani fasto baƙar fata, Thompson, wanda ya fito daga tsibiran Karibiyan. A zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ke nan, kuma layin dogo na zuwa Kano bai daɗe da ratsa yankin ba.

A nan sai a yi hattara. Yawancin wannan labari ta alƙalamin Miller ya fara fitowa, shi kuwa mai neman mabiya ne, yana kuma rubuta wa masu ba shi gudummawa a Ingila. Masanin tarihi Ian Linden, wanda ya bi diddigin Isawa daga baya, ya nuna cewa su mutane ne da suka tsaya tsakanin addinai biyu, da nasu fahimtar, tun kafin su ga Bature. Ba dukansu ne suka bi Miller ba.

Zaman Gimi bai yi tsawon rai ba. Ƙudan tsando da ke kurmin bakin rafi ya kawo musu ciwon barci, wanda tsofaffi ke kira sammore. Cikin 'yan shekaru mutane suka yi ta mutuwa, sauran suka watse, aka kwashe yara da dama zuwa Zariya wajen Miller. Cutar nan ba su kaɗai ta ci ba. Ita ce ta addabi ƙasar Anchau har Turawan mulki suka sare kurmin rafuka, suka tashi ƙauyuka, suka gina sabon gari a ƙarshen shekarun 1930, aka sa masa suna Takalafiya. Duk wanda kakarsa 'yar wannan yanki ce, ya tambaye ta sammore ya ji.

A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, bayan ganuwa, kusa da dutsen Kufena. Nan ne zangonmu na ƙarshe, kuma shi kam kowa na iya zuwa. Daga Makarfi ko Hunƙuyi ko Ikara mota ɗaya ce zuwa Zariya, sai ka hau Keke ko mashin. In ka sauka, ka bar abin hawa ka taka.

Ka fara da tsohuwar cocin St. Bartholomew. Ginin ƙasa ne, da kaurin bango da rufi irin na magina Hausawa. In ka taɓa shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, ka ɗaga kai ka ga bakan gizon da ke ɗauke da rufin, to a Wusasa za ka gane dangin aikin. Kun tuna zayyanar Kurɗuba da na ce ku riƙe? Ga ta nan a gida. A can Yahudawa sun yi ibada a ƙarƙashin adon Musulmin Andalus, a nan Kirista Hausawa suna ibada a ƙarƙashin rufin da aka koya daga maginan birnin Zazzau.

Daga nan ka wuce asibitin St. Luke, wanda Musulmi da Kirista suka daɗe suna zuwa neman magani. Ka ga makarantar, ka ga kwalejin horar da limaman coci ta St. Francis. In ka sami izini ka leƙa maƙabarta, ka karanta sunayen da ke jikin kaburbura. Za ka ga Audu, za ka ga Tafida, sunayen da ba su da bambanci da na layinku.

Ɗan ƙaramin wurin nan ya fitar da mutanen da duk Arewa ta amfana da su. Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, gidansu na da tushe a cikin Isawa, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da da yawanmu muka karanta a makaranta, ɗan Wusasa ne. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Miller ya yi shekaru yana aikinsa, yana cikin manyan littattafan farko da aka buga da bokon Hausa.

To me ya sa na ɗauko wannan zance? Dalili biyu.

Na farko, jahiltar juna tana da tsada. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har Zariya da garuruwan kewaye, aka ƙona wuraren ibada, aka yi asarar rayuka da dukiya. Yaron da aka ba ashana a irin wannan rana, da wuya ya san cewa mutanen da ke cikin ginin Hausawa ne 'yan uwansa, kakanninsu da nasa sun yi noma a fadama ɗaya. Har yau a intanet za ka ga matashi yana rantsuwa wai babu Bahaushe Kirista, alhali a ƙasar Ikara kaɗai akwai su da yawa, har cocin Angilika tana da bishop a Ikara. Sanin tarihin maƙwabcinka bai taɓa aƙidarka ba. Ni Musulmi ne, na shiga Wusasa na fito da addinina, na ƙaru da sanin ƙasata.

Na biyu, namu tarihin a bakin tsofaffi yake da jikin ginin ƙasa, kuma duka biyun ba sa jira. Ɗakin ibadar Kurɗuba ya yi shekaru ɗaruruwa a ɓoye ƙarƙashin yaɓe ya tsira, don da dutse da bulo aka yi shi. Ginin tubali in aka bar shi damina uku ba yaɓe, sai dai a nuna maka tudu a ce da a nan yake. Dubi ganuwar Zariya, dubi yadda ake cin ta da gini da ɗibar ƙasa. Haka tsohon da ya ji labarin sammore daga bakin uwarsa, in ya tafi ya tafi da shi.

Saboda haka ga aikin da nake roƙon ku, musamman 'yan Gimi da Gubuchi da Ikara da Anchau. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Ka sami dattijo ko dattijuwa a gidanku, ka gaishe su yadda ya kamata, ka nemi izini, ka tambaya: su wa suka fara zama a nan? Ina kufan tsohon gari? Me ya tashe su? Akwai wata tsohuwar rijiya, ko kuka, ko maƙabarta da ake dangantawa da wasu mutane? Ka rubuta sunan wurin da ranar da ka yi hirar. In za ka je kufai, ka fara sanar da mai unguwa ko dagaci, kada ka tafi kai kaɗai, kada ka taka kabari, kada ka ɗauke ko da katangar tukunya. In wurin ibadar wasu ne, ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, kamar yadda za ka so a yi a masallacinku. Kuma abin da tsoho ya faɗa maka a asirce, kada ka watsa shi don neman mabiya.

Malaman makarantun sakandare da ke sauraro, ku ma ga shawara. Yawon buɗe ido na ɗalibai ba dole sai an yi hayar bas zuwa Abuja ba. Yini ɗaya ya isa a kai yara Masallacin Juma'a na Zariya da safe, a bi ta Ƙofar Doka, a ƙarasa Wusasa da rana, a ce su zana rufin gine-ginen biyu su faɗi inda suka yi kama.

A nan za mu dakata. Wanda ya samo wani abu daga bakin tsofaffi ya turo mana, za mu saka muryoyin a wani shiri na musamman in masu maganar sun amince. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga Kufena da Turunku, mu ga abin da ya rage na zaman Zazzagawan farko. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.